Rabin Ƙwayar Mama

Aikina ƙera mutanen bogi ne a kwamfuta. In yi musu ciki da hanta da ƙoda, in ɗura musu magani, in zauna ina kallon layin da ke nuna hawansa da saukarsa a jininsu. Ba sa ƙorafi, ba sa mantuwa, shi ya sa jinina ya fi haɗuwa da nasu a kan na mutanen gaske.

Shekara biyu kamfaninmu na fama da haɗa kwafin wani maganin zuciya mai ɗan karen tsada, don talaka ma ya samu. Na asalin Mama ke sha. Da tsadarsa ta kai mu bango, sai na shigar da ita kwamfuta: shekara saba'in da ɗaya, kilo arba'in da biyu, ƙoda ta gaji. Layi ya nuna rabi ma ya ishe ta. Na kira Yaya, wadda ke jinyarta, ina wani hura hanci.

"Ku dinga raba ƙwayar biyu. Na auna."

Ranar Talata da safe oga ya leƙo, kofin shayi a hannu.

"Gwada mana abin da zai faru in rigar ƙwayar ta fashe. Masu ba da lasisi za su tambaya."

Rigar ita ce siririn ɓawon da ke sakin maganin kaɗan-kaɗan har kwana guda. Ni lamba kawai na rage wa kwamfuta, ban taɓa gaya mata akwai wuƙa a kicin ɗin Yaya ba.

Na buɗe fayil ɗin Mama, na cire rigar. Cikin awa ɗaya layin ya cilla sama, ya haye jan alamar haɗari, kafin rana ta yi tsaka ya zube ƙasa warwas. Wata uku ke nan Mama na shan rabi, kullum haka.

Na kira Yaya.

"Yaya, ya jikin Mama?"

"Tana kwance. Jirin nan ne na safe."

"Wane jiri?"



"Tun da muka fara rabawa. Shekaranjiya ma ta faɗi a banɗaki, har yanzu ba ta iya taka ƙafar. Na ce bari in gaya miki, ta hana."

"Don me, Yaya?"

"Ta ce tsufa ne kawai. Wai ba dai maganin ba, ai 'yarta ta auna."