Littafin da Dattijo Bartholomew Ya Karanta Ta Baya

Dattijo Bartholomew yana da digiri uku a kan ƙasar noma, kuma tun ranar da ya karɓi na ukun ya yanke wa kansa hukuncin cewa babu abin da bai sani ba a duniya. Ka tambaye shi ciwon ƙoda, zai ba ka amsa. Ka yi ƙorafin cunkoson motoci a Beltway, zai faɗa maka inda injiniyoyi suka yi kuskure. Shi ne babban dattijon ikilisiyarmu a Beltsville. Saboda haka da Katung, mijin yayata Edna, ya tsinci tarin littattafan zane na Japan a ƙarƙashin gadon 'yarsu Becky, wurinsa ya kai guda ɗaya a cikin leda, yana riƙe da shi nesa da jikinsa kamar mataccen ɓera.

Katung bai ɓoye abin da yake so ba. A mayar da Becky Najeriya, makarantar kwana a Kafanchan, kafin a koma karatu. Yarinya 'yar shekara goma sha shida, haifaffiyar Maryland, ba ta san kowa a can ba sai a waya. Abin da ya rage kawai dattijo ya sa baki, domin a wajenmu ba a raba yaro da uwarsa sai an yi zama, an ci abinci, manya sun ce to.

Ni na san littattafan. Manga ake ce musu, Becky ce ta riƙa ara mini, ina karantawa a jirgin ƙasa daga Greenbelt zuwa asibitin da nake aikin jinya. Sau biyu ina wuce tashata. Labarin wani shugaban 'yan sanda ne a wani gari na bakin teku, mutum mai fara'a, mai gaishe da tsofaffi, wanda ake ba lambar yabo a gaban jama'a. A gida kuwa yana jibgar matarsa, maƙwabta na ji, sai su ƙara muryar talabijin. Wata rana aka tsinci matar a gindin matakala, aka ce santsi ne. 'Yarsu ce ta ƙi yarda, ta bi maganar har ta ga uban nata a durƙushe da ankwa a hannu. Mai zanen ba ya gaggawa. Zai ba ka shafi guda babu ko kalma ɗaya, sai hannun matar tana jan hannun rigarta ƙasa. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne mugun ba shi da ƙaho, kama yake da wanda kuka gaisa da shi jiya. Ban taɓa tambayar Becky me ya sa take son labarin ba. Na san dalili, kuma yana ƙona mini rai.

Aka sa zaman ranar Lahadi bayan sujada, a falon Katung. Ana tsakiyar zafin Yuli, Edna na kai da kawowa da kwanonin gwate cikin riga mai dogon hannu har wuyan hannu. Dattijo ya ci kwano biyu, ya yaba gishirin, ya yi addu'ar da ta kusa kai huɗuba tsawo, sannan ya sa tabarau ya ciro littafin daga leda. Becky na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta harɗe hannuwa.

"Na yi nazarin wannan abu sosai," in ji shi. "Ban yi barcin rana ba jiya saboda shi. Da farko dai, littafin da kansa ya yi gargaɗi. Kuna buɗewa, ga shi da manyan baƙaƙe, an ce ka tsaya. Su kansu masu bugawa sun san guba ce."

Katung ya gyaɗa kai kamar an karanta masa aya.

Na sunkuyar da kaina cikin kwano don kada dariya ta kufce mini. Wannan shafin a ƙarshen littafi yake. Mutanen Japan daga dama suke buɗe littafinsu, kamar yadda maƙwabtanmu a Kaduna ke buɗe na Larabci, shi ya sa masu fassara ke sa gargaɗi a ɗaya ɓangaren, cewa ka tsaya, ta baya ka fara, juya. Ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa sun yi bayanin komai. Mai digiri uku bai ga ya kamata ya sauke idonsa zuwa ƙananan baƙaƙe ba.

"Sai labarin kansa," ya ci gaba. "Maganganun ciki ba kai ba gindi, haka al'adarsu take, amma hotuna ba sa ƙarya. An fara da mutum a durƙushe yana kuka, ya tuba. Madalla. Sai aka kwance masa ankwa. Daga nan sai ga gawar mace a ƙasan matakala. Ku saurara da kyau. Gawar nan ta tashi, ta hau sama, ta shiga kicin tana dafa shinkafa. A ƙarshe aka ba mutumin lambar yabo yana murmushi. Wato ana koya wa yaranmu tayar da matattu ta hanyar tsafi, kuma a ba matsafin kyauta."

"Ka ji ko," in ji Katung, ya juya ga matarsa. "Kin ji abin da 'yarki ke sha."

Edna ta ƙara wa dattijo zoɓo a kofi. Shekara da shekaru ke nan ba ta cewa komai.

Na ajiye cokali. "Baba, a gafarce ni. Ko za ka ba ni littafin in ga wani abu?"

"Pauline, wannan ba maganar allura ba ce."

"Na sani, Baba. Juya shi kawai zan yi."

Na juya shi a hannunsa, bangon da ya ɗauka baya ne ya koma sama. Na nuna masa lambar shafi, ɗaya, biyu, uku, suna tafiya ta inda bai zata ba. Na karanta masa ƙananan baƙaƙen da murya mai ladabi, irin wadda nake yi wa majinyacin da ya haɗiye maganin da aka ce ya shafa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na ɗauka zai ji kunya. Ina, ban san shi ba ke nan.

"To ai wannan ya ƙara tabbatar da maganata," in ji shi. "Mutanen da ke fara littafi daga ƙarshe, me ya rage a kansu? Ta gaba ko ta baya, akwai gawa a ciki. Ni shawarata, yarinya ta je gida ta koyi tarbiyya."

Becky ta yi magana a karo na farko, da Turanci kamar kullum. Ta ce matar ba ta tashi ba. Ta ce ba wanda ya tashi, abin da labarin ke faɗa ke nan, kowa ya ji, kowa ya yi shiru, har ta mutu.

"Rufe mini baki," in ji Katung a hankali. A hankali yake magana idan akwai baƙi.

Littafin na kan tebur kusa da tulun zoɓo. Edna ta zo kwashe kwanoni, sai ta tsaya. Ta goge hannunta a zani, ta ɗauke shi, ta buɗe ta dama yadda na nuna. Ba ta zauna ba. Ta ga mutumin yana karɓar lambar yabo. Ta ga matar a kicin. Ta kai shafin da babu kalma, inda hannu ke jan hannun riga, ta daɗe a wurin har dattijo ya yi gyaran murya. Ta ci gaba, ta ga maƙwabta da talabijin ɗinsu, ta ga matakala, ta ga yarinyar tsaye ita kaɗai a bakin kabari.

"Maman Becky," in ji dattijo, "a kawo ruwan wanke hannu, mu rufe da addu'a. Magana ta ƙare."

Edna ta rufe littafin. Ta dubi 'yarta, irin kallon da ban ga ta yi wa kowa ba tun muna 'yan mata. Sannan ta ɓalle maɓallin hannun rigarta na hagu, ta naɗe shi har gwiwar hannu, ta naɗe na dama, ta ɗora hannuwan biyu a kan tebur a gaban Dattijo Bartholomew, tsakanin kwanonsa da tabaransa. Duk raunukan duka ne a jikinsu, tabon wasu ya yi baƙi, wasu ko mako ba su yi ba.

"Baba," in ji ta, "wannan ma ka karanta mana. Ta inda ka ga dama ka fara."

Dattijo ya kalli silin, ya kalli agogonsa, ya kalli ƙofa. Mutumin da ke da amsar ciwon ƙoda da ta Beltway ya rasa ko kalma ɗaya. Katung ya buɗe baki, ya ga wayata a hannuna, ina shirye in kira 'yan sanda, ya mayar ya rufe.

Edna ta juya ga Becky. "Je ki haɗa kayanki da nawa. Gidan Anti Pauline za mu. Littattafan ma ki sa su a jaka, ban gama karantawa ba."