Kafin Ƙafa Ta Kai Birki

Aikina a jami'a shi ne zaman ɗakin kwamfuta da yamma, ɗalibai su kawo min aikin gidan da ya gagare su, na fizik ko na rubuta manhaja. Ba ni da haƙuri, kowa ya shaida. Rabinsu ba taimako suke nema ba, so suke a tauna a sa musu a baki. Wani zai rantse maka kwamfutar ce ta lalace, ka duba ka tarar waƙafi ɗaya ya manta. Sai in ce masa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, ya koma ya karanta abin da ya rubuta.

Akwai wata da nake kira 'Yar Kusurwa, don kullum can take zama, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, inda babu mai rigima da ita a kan kujera. Ba ta taɓa tambayata komai ba sai makon da aka ba su aikin birki. Aikin ba wuya: ka rubuta 'yar manhaja, ka ba ta gudun mota, da tazarar abin da ke gabanta, da yadda taya ke kama kwalta, ita kuma ta faɗa maka ko motar za ta tsaya kafin ta kai.

Ta ɗaga hannu ta ce nata ba ya ba da amsa daidai. Na karanta daga sama har ƙasa, tsaf yake. Na sa lambobin da ke cikin tambayar, amsa ta fito yadda ake so. Na ce mata in yabo take nema ta fito fili, ga mutane na jirana. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta goge lambobin, ta sa wasu da ka, ta danna. Kwamfuta ta rubuta: ta tsaya. Da ɗan sauran fili ma, kamar tsawon tabarma.

"Ka gani, Malam," in ji ta. "Ai ba ta tsaya ba."

Sai na jawo kujera. Ashe babanta direban motar kaya ne, ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa goge ko akuya ba. Bara wani yaro ya faɗo masa titi da gudu, ya buge shi, yaron bai kai asibiti ba. An bincika aka ce ba laifinsa, iyayen yaron ma suka yafe. Shi ne bai yafe wa kansa ba. Ya mayar da makulli, ya shige ɗaki, abinci sai an yi da gaske, magana kuwa daga "to" sai "a'a". Ita kuma da aka ba da wannan aikin, sai ta ari tef ɗin awo wajen kafintan layinsu, ta je wurin ta auna, daga inda babanta ya ce ya fara ganin yaron zuwa inda abin ya faru. So take ta kai masa takarda mai cewa ko wane ne a motar nan ba zai iya tsayawa ba. Ga kwamfuta tana cewa zai iya.

Tausayinta ya kama ni, kuma nan take na ga inda gizo ke saƙa. Tambayar littafi ta ɗauka cewa da zarar ido ya gani, birki ya kama. Ɗan Adam ba haka yake ba. Kafin ido ya sanar da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aiki ƙafa, ƙafa ta bar totur ta taka birki, an cinye wajen sakan guda, mota kuwa ba jira take ba. Na bayyana mata, na bar ta ta ƙara layin da hannunta. Ta danna. Kwamfuta ta rubuta: ba ta tsaya ba.

Ta sake dannawa, ta kuma sakewa, kamar amsar za ta gudu. Sannan ta buga a takarda, ta ninke ta sa a jaka, ta yi min godiya har na ji kunya. Ranar nan da farin ciki na koma gida. Har na ce wa matata yau dai karatuna ya yi rana.

Kwana biyu ban gan ta ba. Da ta dawo, ta zauna a kusurwarta ba ta ko gaishe ni ba. Ni da ba na tashi don kowa, na taso da fara'ata na tambaye ta ya mai jiki.

Ta ce babanta ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya sa ta yi masa bayani layi-layi. Ya sa mata albarka, ya ce lissafinta babu gyara. Rabon da ya yi doguwar magana haka tun kafin abin. Sai dai ya ce tazarar da ta auna ba ita ba ce. Titin miƙaƙƙe ne. Da idonsa na kan hanya, da tun daga wajen wani allon talla da ke bakin titin zai hango yaron. Wayarsa ce take ta ƙara a kujerar gefe, ya juya ya duba. Bai faɗa wa masu bincike ba, bai faɗa wa mamarta ba, sai ita.

Ta kunna kwamfuta ta sa sabuwar tazarar, don ta koma ta auna daga allon. Na ce ta bari, kada ta danna. Ta ce ai ta riga ta yi da biro a hanya. Motar ta tsaya, da fili mai yawa.

Na shiga faɗin abin da ake faɗa, cewa kwana in ya ƙare ya ƙare, cewa babu direban da bai taɓa waiwayar waya ba. Ni kaina na ji maganar ba ta da nauyi. Ta bar ni na gama, idonta a kan fuskar kwamfutar.

"Na tambaye shi wa ya kira," ta ce. "Ya ce ya manta. Babana ba ya mantuwa, Malam."

Sannan ta ci gaba.

"Cajar kwamfutata na baro a gida ranar, ga aiki zan miƙa. Na kira shi bai ɗauka ba. Sai na sake kira."