Man Gyaɗa a Jikin Fijo

A shekarar 1975, ƙananan motocin da ke Gumel ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma babu wadda Ubale bai san tabon jikinta ba. Shi ne mai wanke mota a gindin darbejiyar bayan tasha. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai wanki, yanzu zai haɗe rai ya ce shi jinyar fenti yake yi. Shekara shida ya yi a wani gareji a Damagaram, ya dawo da gurgun Faransanci, da tsummokara masu laushi, da wata kwalba da ba ya bari kowa ya taɓa.

Wata Laraba da hantsi sai ga Barau direba da shuɗiyar Fijon maigidansa, Alhaji Cindo, dillalin shanu na Maigatari. Motar nan ce za ta kai Malam Muntaka filin jirgi a Kano bayan azahar, domin bana Malam zai sauke farali. Rabin garin a gabansa suka yi karatu, har da Ubale.

Ubale ya dubi motar ya yi salati. Daga goshi har bayanta ƙaiƙayin gero ne ya manne, ƙudaje sun yi mata rumfa, ga wata akuya ta biyo ta tana lasar ƙofa.

"Barau, me ka yi wa baiwar Allah nan?"

"Wallahi gyara na yi niyya," in ji Barau yana sosa ƙeya. "Jiya na ga ta dushe, na ce motar da za ta ɗauki Malam ai sai da ƙyalli. Shi ne na ɗan shafa mata man gyaɗa."

"Ɗan nawa?"

"Kwalba guda. Da rabi."

A jiyan, bayan shafa man, Barau ya tafi Sule Tankarkar ɗauko ƙanwar Malam, ya ajiye motar a rana kusa da inda mata ke shiƙar gero.

"Madalla," in ji Ubale. "Saura yaji ta zama tsire."

Ya fara da sabulu da ruwa. Ƙaiƙayi ya fita, amma man da rana ta gasa ya zauna daram, in ka ɗora yatsa sai ya kama. Barau ya ce a zuba fetur. Ubale ya girgiza kai. Ya tura motar cikin inuwa, ya jira har bayan hannunsa ya daina jin zafin ƙarfen, sannan ya ɗauko kwalbar nan. Ya tsiyaya a kwano, ya ƙara ruwa daidai da shi. Bai fara da inda ido ke gani ba: ya buɗe ƙofa, ya goga a can cikin leɓenta, ya ɗaga tsumman ya duba. Babu ko ɗigon shuɗi a jiki, wato fentin zai jure. Sai ya shiga bin motar taƙi-taƙi, ya shafa da jiƙaƙƙen tsumma, ya bi da busasshe tun kafin wurin ya sha iska. Maiƙon ya dinga tashi, shuɗin yana fitowa kamar sabon rini.

Barau ya toshe hanci. "Wannan kuma mene ne?"

"Sipirit. A Damagaram alkol suke ce masa."

Nan Ubale ya yi suɓutar baki, bai sani ba. A kasuwar Maigatari Barau ya sha jin kalmar nan a bakin mutanen ƙetare, kuma ba su faɗinta sai a kan abin da ake sha a yi tangaɗi. Ga shi dama tun safe yake neman abin da zai gaya wa Alhaji Cindo kan motar. Ya ce bari ya je ya sha ruwa. Kafin Ubale ya ɗauraye motar ya goge ta da kakin ƙyalli, magana ta riga ta isa ƙofar masallaci: Ubale ya wanke motar Malam da giya.

Bayan azahar 'yan rakiya suka iso, Malam Muntaka a gaba cikin farar riga. Motar tana ƙyalli har tana ɗaukar ido, amma babu wanda ya yaba. Malam ya tsaya taku uku daga ƙofar, bai ƙarasa ba.

Ubale ya dubi jama'a. Ya san garinsu. In Malam ya juya bai shiga motar nan ba, shi ke nan, ya zama Ubale mai giya har kabari, 'ya'yansa ma su gaji sunan. Sai dai a kan aikinsa ba ya shakkar kowa. Ya cire takalmi ya tsuguna.

"Ubale," in ji Malam a hankali, "an ce da giya ka wanke mini abin hawa. Ni kuwa ba zan kama hanyar ɗakin Allah da shakka a zuciyata ba. In haka ne, gara a nemo mini a-kori-kura."

"Allah gafarta Malam, ni ban isa in ja da kai a kan littafi ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka shinshina."

Ya ɗiga a sabon tsumma ya miƙa da hannu biyu. Jama'a suka ja da baya. Malam ya kai hanci, ya yamutsa fuska, ya sake kaiwa.

"Na san warin nan."

"Ka san shi, Allah gafarta Malam. Makon jiya da aka yi muku allurar maniyyata a asibiti, me aka goga maka a dantse kafin a soka?"

Malam ya kai hannu ya dafa dantsensa na hagu.

"To shi ne wannan," in ji Ubale. "Ba a shan sa, wanda ya sha sai a kwashe shi ranga-ranga. Datti yake ɗauka ya tafi da shi." Ya zuba kaɗan a tafin hannunsa ya ɗaga sama kowa ya gani. Kafin a yi numfashi biyar tafin ya bushe ƙayau. "Duk da haka na bi motar da ruwa sau uku."

Malam ya dubi tsumman, ya dubi dantsensa, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ashe ni aka fara wankewa da shi kafin motar!"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Da ta lafa, Alhaji Cindo ya tambaya me ya sami motarsa da har take bukatar maganin asibiti. Ubale ya hango Barau ya raɓe a bayan darbejiya, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashin hularsa.

"Ɗan maiƙo ta yi, Alhaji," in ji shi. "Ya wuce."

Malam ya taka taku ukun nan. Ya ga fuskarsa tar a jikin ƙofar, ya lura rawaninsa ya karkace, ya tsaya ya gyara shi a gaban kowa. Ya yi bisimilla ya shiga. Barau ya lallaɓo ya tayar da mota, ya kasa haɗa ido da kowa.

Har sun fara gangarawa Malam ya sa aka tsaya, ya leƙo ta taga.

"Ubale! Sunan nan naka da aka so a ɓata yau, ba ni shi. Zan tafi da shi Arfa in sa shi a addu'a."

Ubale ya ce amin. Ya tsaya da tsumma a hannu har motar ta sha kwanar hanyar Kano, sannan ya goge idonsa da gefen da bai jiƙe ba.