Addu'ar Buɗe Bakin Mama

Tun da aka binne Baba, Mama take azumi, kuma ko rana ta faɗi ba ta cin abin kirki. Fasto ya ce mu ƙyale ta, nacewa cikin addu'a alheri ne. Yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce maganin hawan jinin Mama ba ya shiga cikin da babu abinci. Na rasa maganar wanda zan bi.

Da yamma na same ta a falo, kofin ruwa a gabanta.

"Mama, wannan azumi ne ko baƙin ciki?"

"Auta, ni ma ban sani ba. Babanku ne yake yin addu'ar buɗe baki, sannan ya miƙo mini ruwa. Yanzu lokaci yakan yi, in zauna ina jira."

Na durƙusa na fara addu'a, ina maimaita abin da na riga na faɗa, domin ban san inda ake tsayawa ba.

"Kai, ka ce amin mana," in ji ta. "Babanku bai taɓa jan ta haka ba."

Na ce amin, na miƙa mata kofin. Ta sha rabi.