Hannun Hagu na Alhaji Badamasi

Alhaji Badamasi ya faɗi ne da hantsi a gonarsa ta yazawa da ke bayan ƙauyen Bariénou, kusa da Djougou, yana tsaka da yi wa mata masu tsinta faɗa a kan sun haɗa ɗanye da busasshe. Maganar ta tsaya masa a baki. Ya jingina da itace, ya sulale ƙasa. Ko da 'yarsa Adawiyya ta iso kansa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, idanunsa kuwa a buɗe tar, suna kallonta kamar ita ta yi masa laifi.

Kwana biyu kawai ta zo yi a Djougou daga gidan aurenta na unguwar Kpébié a Parakou, Alhaji ne ya matsa sai ta rako shi gona. Nan take ta kira yayanta Muhammad Amin a Parakou. Ya ce ta ba shi minti biyar. Da ya kira ta, muryarsa ta canza: likitan da ya tuntuɓa ya ce kada a tsaya ko'ina, a kawo shi Parakou inda ake da na'urar duba ƙwaƙwalwa, kuma kowace sa'a da aka ɓata tana iya tafiya da wani abu a jikinsa wanda ba zai dawo ba.

Mota tana nan a inuwar ɗorawa, tsohuwar Fijon da Alhaji ya fi shekara ashirin yana lallaɓawa. Matan suka taimaka aka kwantar da shi a kujerar baya. Adawiyya ta laluba aljihun rigarsa, tana jin nauyin abin har ranta, ta zaro makulli. Ta iya tuƙi sarai, ita ke kai yaranta makaranta kullum. Ta murɗa. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ta sake har sau huɗu.

Wata daga cikin matan ta ruga ƙauye ta zo da Mounkaila mai gyaran babura, don nan babu bakaniken mota. Ya zo da jakar ƙarafansa, ya ɗaga murfin injin.

"Madam, ni na moto nake yi, wato babur, amma bari mu gani. Akwai esansi, mai a tanki?"

"Jiya ya cika ta."

Ya ƙara ɗaure kan batir, ya ce ta murɗa. Ya zare tiyon mai, fetur ya tsarto masa a hannu. Ya shiga kujerar direba ya ce a tura, mata shida suka ɗaure zani suka tura motar har bakin hanya, ta yi gurnani ta mutu. Adawiyya tana duba agogon wayarta, minti arba'in sun tafi. A ƙarshe Mounkaila ya cire waya ɗaya ta buji, wato filogi, ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce ta sake murɗawa. Ya daɗe yana kallo.

"Batir lafiya, demare mai juya injin lafiya, mai yana zuwa. Wuta ce ba ta isowa buji. Motar nan ba ta lalace ba, Madam. An sa mata sekre."

"Mene ne kuma sekre?"

"Ɗan maɓalli ne da ake ɓoyewa saboda ɓarayi. In ba a danna shi ba, ko kwana za ki yi ba ta tashi. Mai mota kaɗai ke sanin wurinsa."

Sai abin ya faɗo mata. Tun suna 'yan makaranta motar nan ba ta taɓa tashi a hannun kowa ba sai nasa. Muhammad Amin ya taɓa satar makullin da rana tsaka, ya yi ta fama har ya jiƙe da gumi, Alhaji ya fito daga barcin azahar yana dariya, ya ce motarsa ta san mai ita. Sun ɗauki abin wasa, har ana ba baƙi labari. Ashe dattijon ya zauna da sirrinsa shekara ashirin, bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'ya'yansa ba. Haka yake a komai. Ko gorar ruwansa ba ya bari wani ya buɗe masa. Haushi ya turnuƙe ta, haushin mutumin da take tsoron rasawa.

Suka laluba ƙarƙashin sitiyari, cikin akwatin takardu, bayan rediyo. Babu. Mounkaila ya ce zai iya bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, amma an nannaɗe su da baƙin salatif, kuma in ya yanke wadda ba ita ba, to sun zauna ke nan. Motar haya sai an koma Djougou, babur kuwa ba ya ɗaukar mutum a wannan hali.

Ta buɗe ƙofar baya ta durƙusa.

"Baba, ina maɓallin yake? Don Allah nuna min."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito ba magana ba ce. Ya sake gwadawa, yawu ya zubo masa a gemu, ya runtse ido don kunya. Hannun hagu ya ɗaga ya nuna gaba, hannun ya faɗi. Gaban mota kuwa da faɗi.

Ta share masa gemu da bakin mayafinta, tana ƙoƙarin tuno yadda yake shiga mota. Yakan zauna, ya aje hula a kujerar gefe, ya ja bisimilla mai tsawo, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. Kullum sai ya gyara takalmin nan. Har tsokanarsa suke yi, wai Baba ya sayi takalmi daidai ƙafarsa mana.

"Malam Mounkaila, kama min shi. A kujerar direba za mu zaunar da shi."

"Madam, mutumin da ko zama ba ya iyawa?"

"Bakinsa ne ya tafi. Hannun nan ya san hanya."

Da kyar suka ɗago shi su huɗu. Da bayansa ya taɓa kujerar, sai wani abu ya dawo fuskarsa. Ya dafa sitiyari. Leɓensa ya motsa, ta san bisimilla yake yi. Ya yunƙura zai sunkuya, jikin ya rinjaya dama, Mounkaila ya tare shi. Ya sake, ya kasa. Ya tsaya yana haki, yana kallon 'yarsa da ke durƙushe a bakin ƙofa, kallo mai tsawo. Sannan ya kama tsintsiyar hannunta. Rabon da ya riƙe mata hannu tun tana ƙarama yana tsallakar da ita titi. Ya tura hannun ƙasa, tsakanin kujera da ƙofa, ƙarƙashin wata yagaggiyar shimfiɗa, har yatsanta ya taɓa ɗan abu mai tauri kamar ƙwayar wake. Ta danna. Mounkaila ya miƙa hannu ya murɗa makulli, motar ta tashi a bugu ɗaya.

Matan suka yi hamdala. Adawiyya ba ta iya ba, domin Alhaji ya mayar da hannunsa kan sitiyari ya damƙe, kuma ta gane ba shi da niyyar saki.

"Baba, ni zan tuƙa."

Ya girgiza kai.

"Baba, ka yi haƙuri."

Ta shiga ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙarfinsu, yatsun mai ɗaga buhun goro. Da ta zo na ƙarshe shi ya saki da kansa, ya kau da kai, hawaye na bin gefen fuskar da bai karkace ba. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, kuma ta san ita ta sa shi.

Aka mayar da shi baya, ɗaya daga cikin matan ta tallafi kansa a cinya. Adawiyya ta zauna a mazauninsa, ƙafarta ba ta kai birki ba. Ta ja ƙarfen matso da kujera, ya ƙi motsi, don tun da aka sayi motar ba a taɓa gusar da ita ba. Sai da Mounkaila ya buga shi da guduma sau uku, sannan kujerar ta matso gaba.