Farar Rigar Darlene

Darlene na cikin guge wuyan farar rigar sai Junie ta faɗo daga kan gado, goshinta ya bugi hannun kujera, ta ɓare baki. Darlene ta ɗora dutsen gugar a saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa, ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta ɗauki jikarta.

"Yi shiru, 'yar Kaka. Ina wurin? Nan? Kai, wannan kujera ba ta da mutunci. Tsaya ki gani." Ta ɗaga hannu ta zabga wa kujerar mari. Junie, mai shekara uku, ta tsaya da kukan, ta ce a ƙara mata. Aka ƙara mata.

Yayanta Wyatt yana kife a ƙasa gaban talabijin, ko waiwayowa bai yi ba. Iyayensu kuwa, wato ɗan Darlene, Curtis, da matarsa Paige, sun sauka wurin tausa tun bayan karin kumallo. Haka ake yi tun ranar da suka iso otal ɗin. Da safe a ƙwanƙwasa mata ƙofa, a turo yara da jakar kayansu, a ce, "Ba za mu daɗe ba." Ɗakin su Curtis yana kallon teku. Nata yana can ƙarshen wani dogon baranda, tagarsa na kallon inda ake ajiye motoci.

Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, don ita a ganinta an yi mata gata. Tun lokacin sanyi Curtis ya buga mata waya ya ce, "Mama, bana da ke za mu Florida. Otal ne na gani na faɗa, ba abin da za ki yi sai hutawa." Ranar ba ta iya cin abinci ba don murna. Ta gaya wa maƙwabciyarta Bev, ta gaya wa matan coci, har mai kawo wasiƙu sai da ya ji labari. Tun da mijinta Walt ya rasu, gidanta na garin Toledo ya yi mata girma, ta kai har rediyo take mayar wa magana.

A wannan wayar ce ya ambaci hoto. Ya ce Paige ta riga ta kama mai hoto, za a ɗauka a bakin ruwa da faɗuwar rana, farar riga da wandon kaki kamar yadda kowa ke yi, shi za a buga a katin Kirsimeti na bana. Darlene tana tsaye a kicin lokacin, idonta a kan firij. Katunan shekarun baya suna manne a jikinsa: mutum biyu, sannan uku, sannan huɗu, kullum cikin kaya iri ɗaya, kullum suna dariya. Ba wanda ya ce mata za ta shiga na bana. Ita ma ba ta tambaya ba. Mutum yana wurin, ai ba sai ya tambaya ba.

Ta shiga kantuna ta fita, ta gwada wannan ta cire, sai da ta samu wadda ta kwanta mata: fara tas, mai laushi, da ƙananan maɓallai masu ƙyalli. Ta je aka gyara mata gashi. Yau Alhamis, ranar hoto. Ta rataye rigar a kabad, wandon kakin a ƙarƙashinta, ta ɗauko 'yan kunnen da Walt ya ba ta ta ajiye a kan ɗan faranti inda ba za ta manta ba.

Da rana suka haɗu cin abinci a bakin tafkin ninkaya. Paige ta fito daga tausa fuska na sheƙi, amma hankalinta ba a kwance yake ba. Tana ci tana tsara yamma: a kwantar da yara da wuri, kar a bari Wyatt ya shiga rana fuskarsa ta yi ja, kar kowa ya sa rigarsa sai an tashi fita.

"Ke kuma, Darlene, ke ce za ki cece mu yau," in ji ta, ta dafa hannun surukarta. "Kin san yaran nan da ganin kyamara sai su ɗaure fuska kamar an aiko musu da mutuwa. Ki tsaya bayan mai hoton ki yi musu kukan agwagwar nan naki. Wallahi in ba ke ba, ba mai sa su dariya. In mu huɗun muka fito da kyau ko sau ɗaya ne, shi ke nan, na huta."

Darlene tana yanka wa Junie nama a lokacin. Ta ci gaba da yankawa, ƙanana, ƙanana, har ya wuce yadda ake bukata.

"To," ta ce. "Ai wannan mai sauƙi ne."

Ta ɗago ta dubi Curtis. Yana danna waya da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin soyayyen dankalin Wyatt.

Kar a ɗauki alhakin Paige, ba muguwa ba ce. Ita ke tuna ranar haihuwar Darlene, ita ke aika furanni, ita ma ta ce a sayi kujerar jirgi ta kusa da hanya saboda gwiwar. Kawai dai in ta ƙirga iyalinta, a huɗu take tsayawa. Da da gangan ta yi, da Darlene ta samu wanda za ta yi fushi da shi, da ma ya fi sauƙi.

Bayan abinci yaran suka yi barci a gadon Darlene, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Ta ja labule, ta zauna a kujerar da ta mara ɗazu. Ba motsin komai sai na na'urar sanyaya ɗaki. Saƙon Bev ya shigo: "Ina hotuna, 'yar gata? Ko kin manta da talakawa?" Ta buɗe wayarta tana turawa sama. Wyatt da bokiti. Junie cikin hular da ta fi kanta. Curtis da Paige riƙe da kofuna masu 'yar lema. Teku, teku, wani tsuntsu. Ita ce mai ɗauka, don haka ba ta ko ɗaya. Kaɗaici ya taso mata, irin wanda ko a gidan Toledo ba ta taɓa jin kamarsa ba, don can aƙalla ta san ita kaɗai ce. Ta tashi ta rufe ƙofar kabad ɗin, ta sa tsohuwar rigarta mai furanni.

Da yamma bakin ruwa ya cika da fararen riguna kamar balbelu sun sauka. Kowane iyali da mai hotonsa, kowa na yi wa 'ya'yansa tsawa cikin murmushi. Can gefe an dasa wata tsohuwa a kujera, jikoki sun kewaye ta, ana gyara mata gashin da iska ke watsawa. Darlene ta kau da kai. An riga an ɗora mata takalma ƙafa huɗu, da jakar yara, da tawul.

Mai hotonsu, wata doguwar mata mai suna Marisol, ta duba sama ta ce haske ya yi daidai, a jeru. Nan Wyatt ya ƙi. Ya ce wuyan rigar na cizonsa, ya zube a yashi ya miƙe ƙafafu. Curtis, da yake shi kullum hanyar da ta fi kusa yake bi, ya ruga rumfar kayan sanyi ya dawo da alewar ƙanƙara, ja wur, wai cin hanci.

"Curtis, ja? Ja ka sayo masa?" in ji Paige. "Kana da hankali kuwa?"

"Haba, lasa biyu zai yi in karɓe."

Junie ta ga abin ta miƙa hannu. Wyatt ya janye. Paige ta sunkuya tsakaninsu don ta raba, sai ga alewar ta bi ƙirjin rigarta tun daga kafaɗa har ciki. Ta sa hannu ta goge, abin ya ƙara yaɗuwa.

Marisol ta sake duban sama, ta ce a hankali, "Ban son in matsa muku, amma rana ba za ta jira mu ba."

"Abu ɗaya na roƙa," in ji Paige. "Shekara guda ina aiki, ina wanki, ina kai yara ina ɗauko su. Abu ɗaya tak na ce a yi mini." Hawaye suka zubo, ta tare su da yatsu don kar su ɓata kwalliya.

Gaskiya dai a faɗe ta: a wannan lokacin wani ɗan daɗi ya ratsa zuciyar Darlene. In ba a yi hoton ba, ba wanda ya shiga, ba wanda aka bari a waje. Shiru kawai za ta yi, ba wanda zai taɓa sani. Ta yi shirun kuwa, na ɗan lokaci. Sai ta ga yadda Paige ta tsaya da hannuwa a buɗe, ja har gwiwar hannu, kamar yarinyar da ta fasa kwano.

Darlene ta zaro katin buɗe ɗakinta ta miƙa wa Curtis.

"Akwai farar riga a kabad ɗina. Yi gudu."

Da gudu ya tafi. Da ya dawo kuwa, tafiya yake yi, rigar na lilo a jikin maratayinta, ba ko lanƙwasa ɗaya. Ta san abin da ya gani da ya buɗe kabad ɗin: wandon kaki a goge, da 'yan kunnen babansa a kan faranti. Ya tsaya a gabanta, kunnuwansa sun yi ja kamar lokacin yana yaro in ya yi laifi.

"Mama..."

"Ba ta mana. Rana na tafiya."

Darlene ta ware tawul ta kare Paige har ta canza. Rigar ta ɗan yi mata yawa, ta ɗaure ƙasan a ƙugu. Ta yi mata kyau ƙwarai, maɓallan na ɗaukar jan hasken yamma. Darlene da kanta ta gyara mata wuyan.

Sannan ta zube takalman a yashi, ta koma bayan Marisol, ta naɗe hannuwa a hammata, ta durƙusa, ta soma. Ta yi kukan agwagwa, ta yi tafiyar agwagwa, ta kaɗa ɗuwawu, gwiwar na ihu ita ma tana ihu. Mutanen da ke wucewa suka tsaya kallo. Junie ta fara ƙyalƙyalewa da dariya, Wyatt ya riƙe, ya riƙe, ya kasa. Marisol tana ta danna kyamara tana cewa, "Yawwa! Kar ki tsaya, Kaka, kar ki tsaya!" Ba ta tsaya ba sai da rabin ranar ya nutse a ruwa.

Paige ta leƙa bayan kyamarar ta dafe baki. "Wayyo, ku duba su! Curtis, zo ka gani!"

Curtis bai je ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "A ɗauki ɗaya da Mama."

Marisol ta ce haske ya kusa ƙarewa, amma za ta gwada. Wyatt ya riga ya cire rigarsa yana bin tsuntsaye, Junie ta zauna daɓas a cikin ruwa.

"Haba, da ka faɗa tun ɗazu!" in ji Paige. "Darlene, zo mana, yi sauri."

Darlene tana haki. Ta dubi rigar furanninta da gumi ya jiƙa, ta dubi fararen nasu.

"Ni da wannan lambun a jikina? In ɓata muku hoto? Ku bar shi kawai."

Ta faɗa tana dariya, amma idonta na kan ɗanta. Da ya sake cewa ta zo, sau ɗaya kawai, da ta shiga, da furannin da gumin da komai. Ya buɗe baki, ya dubi Junie a cikin ruwa, ya dubi agogonsa, don sun kama tebur a gidan abincin sama inda ba a shiga da yara.

"To, gobe ma rana ce," ya ce. "Sai mu ɗauka da waya."

Marisol ta rufe kyamararta.

Paige ta zo ta rungume Darlene, ƙamshin gugar safe na tashi daga kafaɗarta. "Allah ya yi miki albarka, kin fitar da ni kunya. Amma tsaya, ya aka yi kina da sabuwar farar riga, har da guga?"

"Haka kawai na jefa ta cikin akwati."

"Ikon Allah! Zan bayar a wanke, in dawo miki da ita kafin mu tafi."

"Riƙe ta," in ji Darlene. "Ta fi yi miki kyau. Ni ba ni da inda zan sa ta."

Curtis ya juya yana kallon teku. Darlene ta sunkuya ta tsince takalman ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe yashin, ta miƙa wa Paige nata, ta miƙa masa nasa. Sannan ta ɗauko Junie daga ruwa ta saɓa a kafaɗa, ta kira Wyatt.

"Ku zo mu je a yi wanka," ta ce. "Su Mama za su fita."