Dutsen Wuyan Haske

Dijatu na cikin zuba wa masu aikin tilas ruwa a bakin ramin da ake haƙar ƙasar ginin barikin Filinge, sai ta ga an tsai da aiki. An tono wasu ƙananan ƙasusuwa, tare da ɗan dutse mai huda, shi ba shuɗi ba, shi ba kore ba, da farar jijiya a gefe.

Ta san dutsen nan kamar yunwar cikinta. Kakarta ta saye shi hannun Buzaye. Ko da rana tsaka sanyi gare shi, shi ya sa ake rataya wa yaro mai zazzaɓi. Amma bai tsare 'yarta Haske ba. Shekara bakwai ke nan, lokacin gudun hari, aka rufe yarinyar a gindin tudun nan, damina ta shafe alamar. Wajen wankan gawa, da yake ita ce mai yi wa matan gari, Dijatu ta kasa cire mata shi, ta tura shi cikin likkafani don kada yarinyar ta ji zafin ƙasa. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma har yau tana jin sanyinsa a tafin hannu.

Aka miƙa wa Kumandan Nasara dutsen, ya yi ta jujjuya shi, baki har kunne. Hamani tafinta ya ɗaga murya: "Ya ce dutsen mutanen da ne, daga bayan hamada, ya hi shekara dubu. A tone tudun duka, a kai mishi abin da anka samu."

Maza suka noƙe, sai da aka kira liman, Malam Ibrah. Daga nesa ya leƙa, ko sunkuyawa bai yi ba.

"Musulmi ba a ruhe shi da kayan ado," ya ce. "Wanga ba namu ba ne. Ku ci gaba."

Dijatu ta san idan ta buɗe baki, ba mai sake kiranta wankan gawa, kuma bakin garin nan ba ya mantuwa. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Sai ta ga an ɗaga diga.

Ta ajiye tulu, ta gangara cikin ramin.

"Malam, tamu ce," ta ce. "Kai ka yi mata salla. Dutsen, ni na sa mata."

Ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa, ta fara tsintar ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya.